Wai da gaske akwai maganaɗisu a cikin ƙwaƙwalwar mutum?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana ku warware mini wannan. Jiya wani abokina ya turo mini bidiyon wani mutum da ya manna cokali a goshinsa, cokalin ya zauna daram bai faɗo ba. A ƙasa an rubuta wai masana sun gano akwai ƙarfen maganaɗisu a ƙwaƙwalwar kowane ɗan Adam, wai da kamfas muke yawo a ka ba mu sani ba. Da farko dariya na yi. Amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai, domin mako mai zuwa za a yi wa mahaifiyata hoton MRI na kai, kuma na ji an ce injin nan maganaɗisu ne mai ƙarfin tsiya. In akwai ƙarfe a kanta, ba zai fizgo shi ba? Ban gaya mata ba, don dama tsoron injin take ji.

Sai Na Gani:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, koma ka yi barcinka, ƙaryar intanet ce. Da akwai kamfas a kaina da ban taɓa ɓata ba, ni kuwa ko babban asibiti na shiga sai na yi tambaya sau uku kafin in ga ƙofar fita. Mai cokalin nan a barbaɗa masa hoda a goshi a ga ko cokalin zai zauna. Gumi ne da maiƙon fata kawai.

Alli da Allo:
Malam Sai Na Gani, a kan cokali ka yi gaskiya, hoda za ta tona asirinsa. Amma ka haɗa har da gaskiya ka watsar. Ƙarfen yana nan.

Sunansa magnetait. Baƙin dutse ne da ake haƙowa a ƙasa, haɗin ƙarfe da iskar oksijin, kuma da irinsa magabata suka fara yin kamfas. A 1992 wani masani mai suna Joseph Kirschvink, na jami'ar Caltech da ke Kalifoniya a Amurka, shi da abokan aikinsa biyu, suka auna ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da wata na'ura mai jin ɗan ƙanƙanin maganaɗisu. Sun san abin da za a fara ce musu shi ne ƙura ce ta faɗa ciki, ko ɓurɓushin wuƙa ne, don haka a ɗaki na musamman mara ƙura suka yi aikin, kuma suka kauce wa kayan yanka na tsurar ƙarfe. Abin da suka samu: a kowane gram ɗaya na ƙwaƙwalwa akwai aƙalla ƙwayoyin magnetait miliyan 5, a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwar kuma sun haura miliyan 100 a gram.

Na san miliyan 5 zai ba mutum tsoro, to amma a tambayi girmansu. Yawancinsu tsakanin nanomita 10 zuwa 70 suke. Nanomita ɗaya shi ne ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Sai ka jera fiye da dubu kafin su kai kaurin silin gashi guda. In aka tattara na cikin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, wadda nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi, aka ɗora a sikeli, za a samu kamar mikrogram 6. Wato ka raba gram gida miliyan ka ɗauki shida. Wannan ba zai riƙe ko ƙafar sauro ba, balle cokali.

'Yar Ɗakin Hoto:
Ƙanena Mai Neman Sani, ni wannan injin shi ne aikina, shekara tara ke nan. Ka kwantar da hankalinka, ka kwantar da na Mama. Duk wanda ya taɓa shiga injin nan a duniya da wannan magnetait ɗin a kansa ya shiga, da shi ya fito.

Ƙarfin injin gaskiya ne, ba a yi maka ƙari ba. Yawancinsu tesla 1.5 ne ko tesla 3 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), kuma na 3 ɗin ya ninka maganaɗisun duniya wajen sau dubu 60. Ba a kashe shi, dare da rana a kunne yake, ko ba kowa a ciki. Akwai ranar da wata sabuwar ma'aikaciya ta manta da ƙaramin almakashi a aljihun rigarta. Taku biyu ta yi daga ƙofa muka ga aljihun ya miƙe kamar an kama shi da hannu, kafin ta ankara almakashin ya yi tsalle ya manne a bakin injin, ƙwas! Allah ya kiyaye babu mara lafiya a kan gado. Da hannu biyu aka ɓamɓaro shi.

Saboda haka abin da za mu tambayi Mama shi ne ƙarfen da ido ke gani: ko an taɓa sa mata na'urar daidaita bugun zuciya, ko maƙalin jijiya a kai bayan tiyata, ko na'urar ji da ake dasawa a kunne, ko wani tsinken ƙarfe ya taɓa shiga idonta. Ta cire 'yan kunne, sarƙa, fil na gashi, haƙorin roba in yana da waya. Ta faɗi gaskiya a takardar da za a ba ta, shi ke nan. Abin da zai dame ta ƙara ce, don injin yana bugu kamar ana daka, amma za a toshe mata kunne.

Mai Neman Sani:
Anti na gode, Allah ya saka da alheri. Wallahi har na ji sanyi. Ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan.

Amma Malam Alli da Allo, yanzu ka ƙara mini wata tambayar. In yana nan, me yake yi a can? Daga jini yake zuwa? Na san an ce akwai ƙarfe a jini.

Likitan Dare:
Bari in shigo nan kafin Malam ya dawo, don a nan mutane ke cakuɗa abu uku.

Babban mutum yana ɗauke da ƙarfe kamar gram 3 zuwa 4 a jikinsa, kusan kashi biyu cikin uku yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ke dakon oksijin. Wannan ƙarfen ɗaiɗai yake, kowane ƙwayar zarra a naɗe cikin furotin, ba ya zama maganaɗisu irin wanda kuka sani. Na biyu shi ne na ajiya, wanda jiki ke zubawa cikin wani ɗan rumbu da ake kira feritin, kowane rumbu yana iya ɗaukar zarra har 4,500. Ƙwaƙwalwa tana da irin wannan da yawa, musamman can tsakiyarta inda ake sarrafa motsi. Tun 1958 wasu masana biyu a Suwidin, Hallgren da Sourander, suka nuna yana taruwa da shekaru, kuma a wani lungun yakan kai miligram 21 a kowane gram 100. Shi ya sa a wasu hotunan MRI wuraren nan kan fito da duhu a kan dattawa. Anti za ta ba da shaida.

Na uku shi ne magnetait da Malam ya kawo. Shi kaɗai ne maganaɗisu na sosai a cikinsu, kuma shi ne mafi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. In ƙarfen ƙwaƙwalwa buhu ne, shi bai kai tsunkule ba.

Dattijon Zaure:
Ikon Allah. Yarana, ni dai ban yi karatunku ba, amma ina da abin faɗa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ko cikin dare aka tashe shi a wurin da bai taɓa zuwa ba, zai nuna maka gabas bai yi kuskure ba. Na gani da idona ba sau ɗaya ba. Ashe kamfas ɗin nan ne Allah ya ba shi mai ƙarfi.

Sai Na Gani:
Baba, Allah ya jiƙan magabata. Amma da girmanka, mutanen da sun san taurari, sun san inda iska ke kaɗawa a kowane lokaci, suna lura da hanya tun daga fita. Mu da waya ta lalata ne muke ganin abin kamar sihiri.

Alli da Allo:
Baba, tambayarka ita ce ainihin inda masana suka shekara arba'in suna kai ruwa rana, kuma ba za a ce an gama ba.

Dalilin da ya sa aka fara zargin kamfas shi ne akwai halittun da tabbas suna da shi. A 1975 wani ɗalibi a Amurka, Richard Blakemore, ya ɗebo taɓo ya sa a madubin ƙara girma, sai ya ga wasu bakteriya duk sun nufi gefe guda. Ya kawo maganaɗisu kusa, suka juya. Da aka leƙa cikinsu sai ga ƙwayoyin magnetait a jere kamar an zura su a zare, allurar kamfas sak. Abin dariyar ma, ko sun mutu gawarsu tana juyawa ta fuskanci arewa, don ba tunani suke yi ba, juya su ake yi. Da Kirschvink ya duba na ƙwaƙwalwar mutum, ya ga siffar wasunsu ta yi kama da na bakteriyar nan, masu kusurwa kamar an sassaƙa. Shi ya sa ya ce jiki ne ke ƙera su.

Amma samun allura daban, samun mai karanta ta daban. Kamfas ɗin da ke cikin aljihu ba ya nuna wa kowa hanya. Dole a samu jijiyar da ke manne da ƙwayar, wadda za ta ji motsinta ta kai saƙo. Har yau ba wanda ya nuna wannan jijiyar a jikin mutum.

A 1980 wani malamin jami'ar Manchesta a Ingila, Robin Baker, ya riƙa ɗaure wa ɗalibansa ido, ya zuba su a mota, a yi ta kwana-kwana da su kilomita da yawa, sannan a ce kowa ya nuna inda gida yake. Ya ce suna dacewa fiye da yadda sa'a za ta bayar, kuma in aka ɗaura musu maganaɗisu a ka sai su rikice. Duniya ta ɗauka. Shekara ɗaya bayan haka aka maimaita a jami'ar Princeton a Amurka, abin ya ƙi fitowa. Daga nan maganar ta yi sanyi.

Tattabara ma ta ba da kunya. An daɗe ana cewa kamfas ɗinta yana cikin baki, don an ga ƙwayoyi masu ƙarfe a wurin. A 2012 wasu masana a Biyana ta ƙasar Ostiriya suka yayyanka bakin tattabaru siri-siri suka duba, sai ga shi ƙwayoyin nan ba jijiyoyi ba ne, sojojin jiki ne masu cinye tsofaffin ƙwayoyin jini, shi ya sa suke cike da ƙarfe. Tattabara dai tana komawa gida, amma ba ta inda aka zata ba.

Sai Na Gani:
Ka gani ko? Abin da na faɗa tun farko.

Alli da Allo:
Tsaya mana, ban kai aya ba.

A 2019 Kirschvink ya dawo, tare da Connie Wang da Shinsuke Shimojo. Wannan karon ba su tambayi kowa ina arewa ba, don baki yana iya ƙarya ko cinke. Suka gina wani ɗaki da aka kare daga igiyoyin lantarki na waje, aka kewaye shi da wayoyi masu samar da maganaɗisu daidai ƙarfin na duniya. Mutum zai zauna a kujerar katako cikin duhu, ido a rufe, da hular wayoyi a kansa tana ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Sai a juya maganaɗisun a hankali, kamar mutum ya waiwaya alhali bai motsa ba. Mutum 34 aka yi nazari a kansu.

Akwai wani kaɗawa da ƙwaƙwalwa ke yi in mutum yana zaune shiru ido rufe, sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa, ana ce masa alfa. In wani abu ya ja hankalinta, ƙara ko haske, sai ya ragu. To a wasu daga cikin mutanen nan, da an juya maganaɗisun sai alfa ya faɗi, a wasu har da kashi 60 cikin 100. Ba kowane juyi ba: sai in maganaɗisun ya karkata ƙasa, yadda yake a arewacin duniya inda mutanen suke zaune, kuma aka juya shi ta hagu. In aka karkatar da shi sama, shiru. Amma ga inda gizo ke saƙar: da aka tambaye su, babu wanda ya ji komai. Ko ɗaya. Sun zauna cikin duhu ne kawai suna jiran a ce su tashi.

Ni a ganina wannan gwajin ya fi na Baker nesa, amma ɗaki ɗaya ne, mutane kaɗan, kuma bai nuna cewa magnetait ɗin cikin ƙwaƙwalwa ne ya yi aikin ba. Masu gwajin sun ce shi ya fi dacewa da abin da suka gani, wannan kuwa hasashe ne mai hujja, ba kama ɓarawo da kaya a hannu ba. Saboda haka Baba, ba zan ce maka mahaifinka da kamfas yake aiki ba. Na fi karkata ga taurari da lura.

Dattijon Zaure:
To madalla. Ko ta wace hanya ce dai baiwa ce. Allah ya ƙara sani, Malam.

'Yar Ɗakin Hoto:
Ɗan ƙari a kan wannan: mutum yana jin maganaɗisu in ya yi ƙarfi sosai, amma ta kunne. Wasu in ana tura su cikin injin, ko mu ma'aikata in muka sunkuya da sauri a bakinsa, sai mu ji jiri kamar ɗakin ya ɗan juya. Ruwan da ke can cikin kunne, mai kula da daidaiton tsayuwa, shi maganaɗisun ke ɗan turawa. Ba ruwan magnetait. Da ka matsa ya wuce.

Tartsatsi:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba, don ni ba ɗan boko ba ne, walda nake yi shekara 17. Amma da Anti ta ambaci tsinken ƙarfe a ido sai gabana ya faɗi, ni sau biyu ana cire mini.

Tambayata daban ce. A wurin aikina akwai wani maganaɗisu na tsohuwar sifika da muke tsince ƙusa da shi. In ka ajiye shi a ƙasa da safe, kafin yamma ya yi gashi baƙi ƙirin, kamar bushiya. Ni kuma in na koma gida na fyace hanci, abin da ke fita baƙi ne. Shin wannan ƙarfen da kuke cewa yana cikin kai, ba irin wanda nake shaƙa ba ne?

Alli da Allo:
Maigida Tartsatsi, wallahi kai ka yi tambayar da ta fi ta kowa a zauren nan. Mu muna can muna neman kamfas, kai ka taɓo inda ke ciwo.

A 2016 wata farfesa a jami'ar Lankasta a Ingila, Barbara Maher, ta duba gaban ƙwaƙwalwar mutum 37 da suka rasu, 29 daga birnin Meziko, 8 daga Manchesta, daga ɗan shekara 3 har mai 92. Ta samu magnetait da yawa, amma da ta duba siffarsa sai ta ga iri biyu ne. Akwai masu kusurwar nan da ake cewa jiki ke ƙerawa. Akwai kuma wasu mulmulallu kamar ƙwallo, kuma su suka fi yawa, wajen 100 a kan kowane 1 mai kusurwa.

Kai ka fi ni sanin abin da ke mulmula ƙarfe. In tartsatsi ya tashi narkakke ya huce a iska, ai ɗan dunƙule yake zama. To haka waɗannan suke: wuta ce ta haife su, wutar da jikin mutum ba zai taɓa kaiwa zafinta ba. Injin mota, gogar birki, tashar wuta mai ƙona kwal, masana'anta. Har an samu wasu ƙarafan tare da su, irin su nikel da kobalt da filatinam, waɗanda ake samu a hayaƙin ababen hawa. Hanyar da ake zaton suna bi ita ce hanci: a can saman kogon hanci akwai jijiyar jin ƙamshi da ke ratsa ƙashi ta shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye, kuma abin da bai kai nanomita 200 ba yana iya bin ta.

Sai dai kada in shafa wa labarin shuni. A 2018 wasu masana a Munik ta Jamus, ƙarƙashin Stuart Gilder, suka yanka ƙwaƙwalwa bakwai gida 822 suka auna kowane yanki. Sun samu maganaɗisun ya fi yawa a ƙasa da baya, wajen ƙeya da inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka, kuma tsarin iri ɗaya ne a duka bakwai ɗin. Da duk ta hanci yake shiga, da gaba ya kamata ya fi tara shi. Ni abin da na fahimta, biyun duk suna nan: akwai ɗan gida, akwai baƙo, kuma yawan baƙon ya danganta da iskar da mutum ya rayu a ciki.

Maman Biyu:
Innalillahi. Yanzu wannan ne ke kawo cutar mantuwa? Kakata ta yi ta, har 'ya'yanta ta daina ganewa. Kuma ni ina da ciki wata shida, ana ba ni maganin ƙarin jini, an ce ƙarfe ne a ciki. Wallahi tun da na fara karanta wannan zancen nake tunanin in daina sha.

Likitan Dare:
Hajiya, don Allah kada ki daina. Ina roƙonki. Wannan shi ne abin da nake tsoro duk lokacin da irin wannan zance ya tashi, a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Ƙarfen da kike haɗiya ta hanji yake shiga, jiki ya ɗebi abin da yake buƙata, wani furotin ya ɗauke shi a jini, kuma a ƙofar ƙwaƙwalwa akwai shinge mai tantance abin da zai wuce. Ba ya zama mulmulallen magnetait. Abin da ke cikinki yana buƙatarsa don gina ƙwaƙwalwarsa: da ƙarfe ake yin rufin jijiyoyi, da shi ake haɗa dofamin, wani sinadari mai kai saƙo a ƙwaƙwalwa. Ƙarancinsa ga mai ciki da jariri illa ce da aka tabbatar, ba hasashe ba.

Batun mantuwa kuma, ga iyakar abin da ke hannu. An daɗe da ganin ƙarfe yana taruwa a jikin dunƙulen furotin da ke fitowa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzaima, kuma a masu cutar Fakinsan, mai sa rawar jiki, yana yawa a wurin da ƙwayoyin dofamin ke mutuwa. An kuma san sakakken ƙarfe yana iya haifar da wasu sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta, kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Amma ganin ungulu a kan mushe bai nuna ita ta kashe ba. Yana yiwuwa ƙarfen ne ke ɓarna, yana yiwuwa ɓarnar ce ke tara ƙarfen.

An ma gwada. Akwai magani mai suna deferiprone da ke kamo ƙarfe ya fitar da shi, har daga ƙwaƙwalwa. Aka ba sababbin masu cutar Fakinsan a Turai, mutum 372 ne a gwajin, rabi magani rabi na bogi, tsawon mako 36, aka fitar da sakamako a 2022. Ƙarfen ya ragu kamar yadda aka so. Amma masu shan maganin sai jikinsu ya fi na sauran lalacewa. Kin ga ke nan ba abu ne da za a ce a kwashe a huta ba.

Maman Biyu:
Na ji Likita, zan ci gaba da sha. Allah ya biya.

Ɗan Gaye 07:
Ni fa ina da abin hannu na maganaɗisu, wanda ya sayar mini ya ce yana jan ƙarfen jini ya gyara zagayawarsa, har ciwon kai yana warkarwa. Tun da akwai ƙarfe a kai ashe bai yi ƙarya ba 😎

Sai Na Gani:
Ya yi, kuma ya ci kuɗinka. Anti ta ce mutum yana shiga injin tesla 3 jininsa bai taru gefe guda ba, sai ɗan abin hannunka?

Alli da Allo:
Wannan karon ba ni da gyara. Jinin da ke ɗauke da oksijin ma ba janyo shi maganaɗisu ke yi ba, ɗan ture shi yake yi kaɗan. Linus Pauling da Charles Coryell suka nuna haka tun 1936. In abin hannun ya yi maka kyau ka sa don ado.

Tartsatsi:
Likita, ni fa ba a gama da ni ba. In haka ne ni da ke cikin hayaƙin nan kullum ina na dosa?

Likitan Dare:
Maigida, ba zan ɓoye maka ba. Ba wanda zai iya ce maka magnetait zai ba ka cutar mantuwa, ba a kai nan ba. Amma kai ba sai ka jira wannan amsar ba, don hayaƙin walda an riga an gama shari'arsa ta wasu fuskokin. A 2017 hukumar binciken cutar kansa (ciwon daji) ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta huhu. Ƙurar ƙarfen tana kwanciya a huhu har a gan ta a hoton ƙirji. Sannan a cikin sandar walda akwai manganis, shi kuma tabbas yana kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma in ya yi yawa yana kawo rawar jiki da taurin gaɓoɓi mai kama da Fakinsan.

Baƙin gilashin da kake karewa da shi ido yake tsarewa, hayaƙin ta ƙarƙashinsa yake zagayowa ya shiga hanci. Ƙyalle ko takunkumin asibiti ba sa tare ƙura mai wannan ƙanƙanta. Ka nemi takunkumi mai matata, irin N95 ko wanda ya fi shi, wanda ke kama fuska ba ya barin kafa. Ka yi aiki inda iska ke wucewa, ka tsaya ta yadda za ta kwashe hayaƙin daga fuskarka, kada ka sunkuya kanka a kan turirin. In akwai fanka, ta ja hayaƙin waje.

'Yar Ɗakin Hoto:
Kuma duk ranar da aka ce za a yi maka MRI, kafin komai ka ce musu kai mai walda ne kuma an taɓa cire maka ƙarfe a ido. Za su fara ɗaukar hoton idon da eksire su tabbatar babu saura. Kada ka ji nauyin faɗa, ko ba a tambaye ka ba.

Alli da Allo:
Maigida, in kana son gani da idonka, sa maganaɗisun sifikar nan cikin farar leda, ka rataye shi daidai tsayin hancinka a inda kake tsayawa, ba a ƙasa ba. Ka bar shi wuni ɗaya. Ka tuna dai abin da zai kama manya-manyan ne, ƙananan da muke magana a kansu ido ba ya ganinsu.

Mai Neman Sani:
Jama'a na dawo da labari. An yi wa Mama hoton jiya, lafiya lau, minti 25 ta yi a ciki. Ta ce ƙarar ce kawai ta ishe ta, wai kamar an sa kanta a turmi. Sai da muka fito na ba ta labarin maganaɗisun, ta ce da na faɗa mata tun farko da ko da sarƙa ba za a shigar da ita ba. Anti, Likita, Malam, na gode ƙwarai.

Tartsatsi:
Alhamdu lillahi, Allah ya ƙara mata lafiya.

Malam, na yi gwajin naka ranar Talata, ranar da muka yi ta gurza wata ƙofa. Na rataye shi a ƙusa kusa da kafaɗata. Kafin azahar farar ledar ta yi toka-toka, da yamma kuwa ta yi zobe baƙi daidai zagayen maganaɗisun, har da 'yan gashi a tsaye. Na zare maganaɗisun a kan farar takarda, garin ya zubo, na shafa da yatsa, laushi kamar kwalli. Na kira yaran shagon su uku na nuna musu.

Na sayo takunkumi huɗu. Biyu daga cikin yaran suna sawa. Babban cikinsu ya ce zafi yake ji kuma gilashinsa yana yin hazo, da na juya baya sai ya sauke shi ƙasan haɓa. Likita, akwai irin wanda ba ya sa gilashi hazo?